Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Karnuka a Unguwarmu

Ta hannun Mai Unguwa da shugabannin kwamitin tsaro na layukanmu, Kaduna.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Unguwa. Alhazai da hajiyoyi, iyayen gida maza da mata, maƙwabtana Musulmi da Kirista, ina gaishe ku da kyau. Yaya iyali, yaya haƙuri da zamani?

Ku gafarce ni, maganar da ta sa na ɗauki biro ba ta wurin cin abinci ba ce. Maganar kashin kare ce. Na kusa shekara ina juya ta a raina, ina neman sunan da zan sakaya ta da shi, ban samu ba. Shekara 35 da na yi ina aikin lafiya kafin in yi ritaya sun nuna mini cewa cutar da ake jin kunyar ambatonta ita ta fi daɗewa a gida, kuma dama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na zaɓi in rubuto a fili maimakon in bi gida-gida ina buga get, don kada wani ya ce da shi nake. Gidajen da ke da karnuka a layukan nan namu huɗu sun haura goma. Na ƙirga su ne ta haushin da suke yi cikin dare, ba don ina jin haushinsu ba.

Tun da likita ya ce in riƙa taka ƙafa saboda gwiwa, kullum bayan sallar asuba nakan zaga unguwa sau biyu. Wanda bai taɓa fitowa a ƙasa a wannan lokaci ba bai san unguwar nan ba. Daga ƙofata zuwa bakin titi ba ta kai tafiyar minti biyar ba, amma ranar da na sa ido na ƙirga, wuri tara na tsallake. Akwai a gindin dalbejiyar da tsofaffi ke shimfiɗa tabarma da hantsi. Akwai a gefen famfon da 'yan garuwa ke jera jarkokinsu. Akwai daidai inda mai ƙosai ke kafa murhu, kuma da idona na gan ta, baiwar Allah, tana turo shi cikin kwata da tsintsiyar da za ta share wurin zaman masu saye, ta ɗauraye hannu da ɗan ruwan da bai cika kofi ba, ta koma kan ƙullunta. Ban ga laifinta ba. Ita ba ta da ko kyanwa.

Kada a ɗauka ƙin kare nake yi. A ƙauyen da na tashi mahaifina yana da baƙin kare mai suna Duna, shi ke raka mu gona, shi ke korar birai daga masara, ranar da ya mutu kuwa har kuka muka yi a ɓoye. Mun san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa, mun san addini ya yi rangwame ga karen noma da na kiwo da na farauta. Na kuma san abin da ya kawo karnukan nan unguwarmu. Ban manta da shekarar da ɓarayi suka riƙa haura katangu suna kwashe batir da injin ruwa ba, kuma ba zan ɓoye ba, ni kaina barcina ya fi nauyi tun da na san akwai abin da zai yi haushi in baƙo ya gitta da tsakar dare. Mun gode. Sai dai Duna yana da daji. In ya matsu sai ya nausa bayan gari inda ba mai takawa. Karenku ba shi da daji, sai layinmu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sayi kare mai cin kwano guda safe da yamma ya san abin da ya shiga zai fita. Tambayar ita ce a ina, kuma wa zai kwashe.

Yadda abin ke tafiya, kowa ya sani, ko da ba a faɗa. Wasu gidajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare sai a buɗe ƙaramar ƙofa a saki kare ya sha iska, ya dawo kafin kiran salla. Wasu kuma maigadi ko yaron gida ake ba sarƙa da sassafe ya zaga da shi, kuma umarnin da aka ba shi guda ɗaya ne: kada ya bari ya yi a cikin gida, saboda tayil, saboda fulawoyin madam. To yaro ya ji umarni. Sai ya ja shi can nesa da get ɗinku, ya tsaya yana danna waya har kare ya gama, a jikin katangar wani, su juya. Tsakar gidanku tas kamar a ci tuwo a kai. Ku kuwa ƙarfe bakwai da rabi kun fito a mota, gilashi a rufe, tayarku kaɗai ta san abin da ke ƙasa.

Bara da damina jikana, ɗan shekara shida, ya zo mini hutu. Kwana goma da zuwansa ya fara susar ƙafa, da dare ba barci. Da na haska tocila sai na ga wani jan layi siriri a ƙarƙashin fata, ya taso daga tsakanin yatsu, ya yi lauje, ya karkata zuwa idon sawu, kamar an ja zare a cikin ƙura. Na sa biro na ɗiga alama a inda ya tsaya. Washegari ya wuce alamar. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Hajiya, wannan taka ya yi, a nemo mai magani." Ta yi gaskiya rabi. Taka ya yi, amma ba sammu ba. Na san abin nan tun ina sanye da farin kaya, na sha ganinsa a ƙafafun yara da gindin jarirai da hannun magina.

Tsutsa ce ta hanjin kare da kyanwa. Ƙwanta na fitowa cikin kashi, in ya sami ƙasa mai ɗumi da danshi da inuwa sai ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, bayan kamar mako guda 'yar tsutsar ta isa shiga jiki. Ba ta buƙatar ciwo ko tsaga, fatar lafiya lau take hudawa. Da yake jikin mutum ba gidanta ba ne, sai ta ɓata hanya, ta yi ta yawo a ƙarƙashin fata tana neman mafita, yaro yana susa har ya yi gyambo. Ƙasar da ta fi so kuwa yashi ne. Na tambayi yaron inda yake wasa, ya kai ni har wurin: tulin yashin da aka sauke a ƙarshen layi na uku, gaban ginin nan da aka yi shekara biyu ba a ci gaba ba. Yara na gina gidaje a kansa da rana, karnuka da kyanwoyi na tona shi da dare. Na sa sanda na buɗa, abin da na gani ba sai na faɗa ba. Maganin bai yi wuya ba, an ba shi albendazol, cikin mako ya warke. Amma shi jikan ma'aikaciyar lafiya ne. Almajiran da ke kwana a rumfar gefen yashin nan, ƙafa ba takalmi, wa zai haska musu tocila?

Wannan ma mai sauƙin ce, don ana ganinta. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce farar tsutsar nan doguwa mai kama da taliya da kuke gani wani lokaci a kashin kwikwiyo. Likitoci na kiranta Toxocara. Mafi yawan 'yan kwikwiyo da ita ake haifarsu, tun a ciki suke ɗauka daga uwarsu, don haka tsadar kare ko takardar asalinsa ba su hana. Macen tsutsar guda ɗaya na iya zuba ƙwai har 200,000 a rana. Ido ba ya ganinsu. Suna da kauri, suna da danƙo, suna manne wa yatsa da ƙwallo da tayar kura, ko ruwan bilic ba ya kashe su, kuma a ƙasa mai inuwa da laima suna kai watanni, har shekaru, da ransu. Kashin zai bushe, ya farfashe, ya ɓace, kowa ya ce wuri ya tsarkaka, alhali ƙwan na nan. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, ko mai cin ƙasa ya ɗiba, shi ke nan ya haɗiya. A cikinsa za su ƙyanƙyashe, su bi jini zuwa hanta da huhu, yaro ya yi ta zazzaɓi da tari da shessheƙa ana ta ba shi maganin maleriya da taifod.

Ba zan tsorata ku da ƙarya ba, da yawan waɗanda suka haɗiya ba sa ma sanin an yi, jiki na gamawa da abin shiru. Amma jefi-jefi guda ɗaya takan kai ido, ta zauna a can bayansa, kuma yawanci ido ɗaya take ci, shi ya sa yaro ba ya kuka da wuri, yana gani da ɗayan. A 1950 wata masaniya a Amurka mai suna Helenor Wilder ta duba idanu 46 da aka cire wa yara, galibi bisa zaton ciwon daji, ta tarar da alamun tsutsa a 24 daga ciki. Tun daga lokacin aka san wannan hanya. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna, Allah ya saka wa likitocinta, amma in tabo ya riga ya zauna a inda gani yake, ba kasafai ake dawo da shi ba.

Ga inda nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau, don nan ne rahamar take. Ƙwan wannan tsutsa ba ya cutarwa ranar da ya fito. Sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna. Wanda ya kwashe kashin karensa yau-yau, ya kwashe shi tun bai zama makami ba. Wanda ya bar shi ya ce rana za ta busar, ya ba shi daidai lokacin da yake nema. Aikin minti ɗaya ne a ranar farko. Bayan wata guda kuwa ko tirela aka kawo ba a iya tsince shi daga ƙasa.

Akwai ta uku, ita kuma da layya take tafiya. Mahauta sun san hanta ko huhun da akan tarar da ƙullutu mai ruwa a ciki, a yanke a jefar. Wa ake jefa wa? Kare. Daga nan wata 'yar ƙaramar tsutsa ke girma a hanjinsa, ƙwanta ya fito a kashi, kuma ita ba ta jiran mako biyu, nan take take kamawa. Tunkiya ta ci ciyawar wurin ta ɗauka, mutum ya ci da hannu marar wanki ya ɗauka, ƙullutun ya yi shekaru yana girma a hantarsa ba a sani ba, ƙarshe sai an kai ga tiyata. Don Allah, ranar Sallah da kowace rana, abin da kuka ƙi ci saboda ƙullutu kada ku miƙa wa kare. A binne shi da zurfi ko a ƙone.

Na san amsoshin da ake bayarwa, don an ba ni su a fuska. Wani ya ce mini, "Haba Hajiya, ai taki ne." Ba taki ba ne. Kashin saniya da na akuya ciyawa ce ta bi ta ciki ta fito, shi ya sa manomi ke sayensa da kuɗi. Ban taɓa jin manomin da ya aiko a tara masa na kare ba. Wani ya ce ruwan sama zai wanke. Zai wanke, gaskiya ne, amma zuwa ina? Zuwa kwata, kwata ta cika ta shiga gidajen da ke gangare, ta ratsa gefen rijiyoyin da bakinsu ya faffashe, sauran ya gangara rafi ya nufi Kogin Kaduna, inda 'yan lambu ke ja da injin su shayar da latas da kabeji da alayyafo. Latas ɗin da ba a dafawa, wanda ake yanka muku a kan shinkafa. Abin da aka tura waje ta ƙaramar ƙofa yana iya dawowa ta kicin.

Amsar da ta fi nauyi ita ce wadda wani dattijo ya ba ni, kuma na girmama ta. Ya ce, "Mutane ma suna yi a bayan kango, awaki na yawo, karnukan da ba su da mai su sun fi namu yawa, sai mu kika gani?" Ban musa ba. Bahaya a fili babbar masifa ce a ƙasar nan, har gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kamfe a kanta a 2019, kuma a 2022 Jigawa ta zama jihar farko da aka tabbatar ta rabu da ita. In jiha sukutum ta iya shawo kan miliyoyin mutane, gidaje goma sha wani abu ba za su kasa shawo kan karnukansu ba. Karen bola ba shi da wanda zan rubuta wa wasiƙa. Naku yana da suna, yana da kwano, yana da ɗaki, wasu ma har da sabulun wankansu. Laifin wani ba ya wanke na wani, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Ku dubi su wa ke rayuwa a ƙasa a unguwar nan. Akwai makahon da ke bi ta layinmu kowace Alhamis, sandarsa na gaya masa rami da dutse, amma ba ta gaya masa wannan. Akwai gurgun da ke gyaran takalmi a bakin titi, a kan katako mai taya yake zuwa, da tafin hannu yake tuƙawa. Akwai 'yan makarantar allo, da yaran firamare masu ajiye jaka a ƙasa su buga ƙwallo, in ta faɗa gefe su ɗauko da hannu su jefa. Ranar Juma'a masallaci na cika, sahu ya fito har kan layi, mutum ya shimfiɗa darduma ya sa goshinsa a inda bai san me ya kwana ba. Na tambayi limaminmu, ya ce malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa a kan jikin kare mai rai, amma kashinsa najasa ne, ba a yi saɓani ba. Ya kuma tuna mini hadisin da Muslim ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a guji abubuwa biyu masu jawo tsinuwa: yin bahaya a kan hanyar mutane ko a inuwarsu. Na san da mutum ake magana a hadisin. Amma wanda ya riƙo sarƙa ya kawo dabba har gindin inuwar mutane ya tsaya ta gama, ya tambayi malaminsa ko ya fita daga ciki. Ni dai ba malama ba ce. Maƙwabtana Kirista kuma, wata abokiyar aikina ta taɓa nuna mini a littafin Maimaitawar Shari'a, sura 23, inda aka umarci mayaƙa su riƙe abin tono a cikin kayansu, su haƙa rami a bayan sansani, su rufe abin da ya fito. A filin yaƙi ke nan, balle a unguwar da ake goyon jarirai.

Bari in ce wani abu game da masu gadi, don kada wasiƙar nan ta ƙare a kansu. Na san abin da zai faru: maigida zai karanta, ya ƙwala wa maigadi kira, ya zazzaga masa faɗa, magana ta mutu. Na zauna da ɗaya daga cikinsu, dattijo ne da furfura, daga wajen Maraɗi ya zo. Na ce, "Baba, me ya sa ba ka kwashewa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Hajiya, da me? Da hannun da zan yi alwala?" An ɗauke shi gadi, aka ƙara masa wankin mota, aka ƙara masa kare, ba a ƙara masa ko sisi ba, ba a ba shi ko shebur ba. Kuma akwai kunya. Mutum mai iyali a gida, a gan shi a kan layi ya sunkuya yana kwasar kashin kare, yara na dariya. Wannan kunyar ba mai cire ta sai ku. Ranar da aka ga Alhaji da kansa, ko Yallaɓai da kansa, ya fito da karensa da shebur a hannu ya kwashe, daga ranar ta daina zama aikin wulaƙanci. In kuma kun ga ya fi ƙarfin girmanku, to ku tuna shi ma da nasa girman ya zo, ku saya masa kayan aiki, ku sa masa wani abu a kan albashi, ku gaya masa da baki mai daɗi.

Masu zuwa ƙasashen waje cikinku sun ga yadda ake yi, mutum da kwat da leda a aljihu yana bin karensa. Kada ku ɗauka da haka aka haife su. Birnin Niyok sai da ya kafa doka da tara a 1978, aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin ta zauna. Faris, babban birnin Faransa, kuwa ta gwada wata dabarar: a 1982, lokacin Jacques Chirac na magajin gari, aka fito da babura masu injin zuƙe kashin kare daga gefen titi. Aka yi shekara ashirin ana zuba kuɗi, baburan ba su iya kwashe sai kaɗan daga ciki, masu karnuka kuma suka ƙara sakin jiki tunda akwai mai bin bayansu. Ƙarshe aka jingine baburan aka koma kan mai kare. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Waɗanda suka kai shekaruna sun tuna duba-gari, yadda mata ke rige-rigen wanke randa in an ce ga shi nan tafe, da yadda zamanin Buhari da Idiagbon aka sa kowa fitowa shara ranar Asabar. Ba na kewar bulala. Ina dai cewa mun taɓa sanin cewa ƙofar gida da layi duk gida ne.

Abin da nake roƙo bai da yawa. A daina sakin kare shi kaɗai da dare. In gadi ake so, a cikin katanga ake gadi, wanda ke yawo a layi na uku ba ya tsare gidan da ke layi na ɗaya, kuma shi ne ke cuɗanya da karnukan bola ya kwaso abin da ya kwaso, har da ciwon hauka, Allah ya kiyaye. A ware masa kusurwa a cikin gida, nesa da rijiya da wurin girki, kare na koyon wuri ɗaya cikin 'yan kwanaki in an jure. A kwashe kullum. In an fita da shi, a fita da leda ko ƙaramin shebur. Ledar ma ba sai an saya ba, ta burodi ta isa, a sa hannu a ciki kamar safa, a ɗauka, a juya, a ƙulle. A zuba a masai ba tare da ledar ba, ko a binne da zurfi a cikin gida, ko a ƙulle da kyau a sa a kwandon shara. Ban da kwata, ban da cilla wa kangon maƙwabci. Sannan a wanke hannu da sabulu.

A kuma kai su wurin likitan dabbobi. 'Yan kwikwiyo ana fara ba su maganin tsutsa tun suna mako biyu, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu har su kai wajen wata uku, manya kuwa aƙalla sau huɗu a shekara, likita ya san wanda ya dace da kowace tsutsa. In an je a haɗa da allurar ciwon hauka, wadda ake yi a nan gida Najeriya, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos. Ko don kanku ma ku yi. Cutar nan ta fabo mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini ta kashe shi cikin kwanaki, ta kashi take yaɗuwa, kuma tana daɗewa a ƙasa. Wanda ya zuba dubban ɗaruruwa ya sayo ɗan kare, ya kai shi yana shinshina abin da karen maƙwabci ya bari, shi ya san asarar da yake nema.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, kai ne uban kowa a nan. Ba na so maganar nan ta kai ga hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ko ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, muna da bakin da za mu yi wa juna magana. Ina roƙon a sa ta cikin ajandar taron kwamiti na wannan wata. 'Yan sintirin da muke biya duk wata sun san kowane kare da gidansu, a ba su izini in sun ga an saki ko an bari su sanar da kwamiti, a fara da jan kunne a asirce, in an maimaita kwamiti ya yanka abin da ya ga ya dace a zuba a asusun gyaran kwata. A kuma nemi mai ginin ƙarshen layi na uku, ko ya kwashe yashinsa ko ya rufe shi da tamfol ya danne da bulo.

Ni kuma ga nawa. Na sayi ƙananan shebur guda biyar a Kasuwar Barci, suna nan a zaurena, duk maigadin da ya zo zan ba shi ɗaya ba tare da na tambaye shi gidan da ya fito ba. Asabar ta ƙarshen wata, in Allah ya kai mu, ƙarfe bakwai na safe, ni da matan layinmu za mu fara daga gindin dalbejiya mu gangara zuwa famfo. Gwiwata ba ta barina in sunkuya sosai, don haka ina neman wanda zai riƙe shebur, ni in riƙe buhu. Jikana zai dawo hutun ƙarshen shekara, ya riga ya aiko a tambaye ni ko yashin na nan.

Na gode da haƙurin karantawa. A gaida iyali.

Taku,
Maƙwabciyarku ta layi na biyu, tsohuwar ma'aikaciyar lafiya.